Wa zai raba wa jariri ƙwayar manya? Muhawara kan haɗa magani a farmasi

Malamar Jinya, Marwa

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan uwa. Tambayata ga masu farmasi ce da ke cikin wannan zaure. A ɗakin yara likita yakan rubuta wa jariri mai nauyin kilo 4 furosemide, maganin da ke fitar da ruwa daga jiki ta fitsari, miligiram 4, alhali ƙwayar da ke hannunmu ta miligiram 40 ce, wato ana so a ba shi kashi ɗaya cikin goma na ƙwayar da ita kanta ƙarama ce ƙwarai. Muddin yana kwance a asibiti akwai ta allura, amma ranar sallama sai a miƙa wa uwa ƙwayar manya, a ce ta murƙushe ta a cokali, ta zuba ruwa, ta ɗiba kaɗan ta ba shi. Magabatanmu a wannan aiki suna cewa a da farmasi ne ke aunawa, ya ƙulla wa yaro maganinsa ƙulli-ƙulli, kowane da awonsa. Me ya hana a yau? Doka ce, ko rashin kayan aiki, ko kuwa babu riba ne a ciki?

Tsohon Mai Haɗa Magani, Garwa

Wa alaikumus salam, 'yata. Doka ba ta hana ba. Tsarin da muka gada daga Faransa a nan Kamaru ya san maganin da likita ke rubuta wa mutum ɗaya tak a haɗa masa a farmasi, wanda ake kira préparation magistrale, ya kuma san wanda farmasi ke haɗawa ta ajiye bisa ƙa'idar da ke rubuce a kundin magunguna. A zamaninmu farmasi ba ta cika farmasi ba sai tana da ɗaki a bayan kanta, a cikinsa akwai sikeli, da turmin tangaran, da kwalabe masu duhu, da tataccen ruwa, da babban littafin rajista. Mun haɗa man farar wuta saboda ƙazuwa, mun haɗa man Whitfield saboda makero, wanda kashi 6 cikin 100 nasa benzoic acid ne, kashi 3 kuma salicylic acid, mun tsarma farmanganat na wankin gyambo, mun yi ruwan Dakin na wanke rauni da ruwan aidin na Lugol. Babu abin da ke fita daga ɗakin nan sai an rubuta lambarsa, da sunan likitan da ya rubuta, da sunan maras lafiya, da awon kowane abu da ya shiga ciki, da ranar da aka haɗa.

Game da jaririnki, matsalar ta fi yadda kika faɗa. Furosemide ba ya narkewa a ruwa yadda ya kamata. Idan uwa ta murƙushe shi ta zuba ruwa, garin kwanciya yake yi a ƙasa, sai abin da ta ɗiba daga sama ya zama kusan ruwa zalla, na ƙarshe kuma ya tara maganin kwana da kwanaki. Yadda muke yi shi ne a niƙa ƙwayar luƙwi a turmi, a kawo garin lactose, wato sugan madara, daidai yawanta a gauraya, sannan a ƙara lactose daidai yawan abin da ke cikin turmin gaba ɗaya, a sake gaurayawa, a riƙa ninkawa haka har a kai nauyin da ake so. Duk macen da ta taɓa son ɗan gishiri ya game ƙwaryar gari ta san ba a zuba shi gaba ɗaya a juya sau biyu a ce an gama. Daga nan sai a raba a kan sikeli, ba da ido ba, a ƙulla goma, kowane ƙulli miligiram 4. Aikin ba ya bukatar lantarki, ba ya bukatar firji, abin da yake bukata shi ne sikeli mai gaskiya da mutumin da ba ya sauri.

Farmasiya, Ngaundere

Baba, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa haka muka karanta. Amma bari in amsa wa 'yar uwata daga inda nake tsaye a yau, domin kada a ɗauka ƙyuya ce kawai ta rufe ɗakin baya. Manyan dillalan da ke kawo mana kaya daga Duwala da Yawunde, har da CENAME da ke sayo wa asibitocin gwamnati, harkarsu ta fi karkata ga maganin da aka gama a masana'anta aka rufe a kwali. Idan ina son garin magani zalla, ko lactose, ko gilisarin irin na magani, sai na yi odarsa daga waje, ba za a sayar mini da ɗan kaɗan ba, kuma kafin in sami takardun likita da za su cinye rabinsa wa'adinsa ya ƙare. Wannan na kuɗi ne, ana iya jurewa. Wanda ba na iya jurewa shi ne in zuba wa ɗan mutane abin da ban iya tabbatar da ko mene ne ba.

Akwai wani sinadari mai suna diethylene glycol, ruwa ne mai kauri da ɗan zaƙi, a ido ba a bambanta shi da gilisarin ko propylene glycol da ake yin siro da su, ya fi su araha, kuma yana kashe ƙoda. A Amurka a 1937 ya kashe mutum fiye da 100 a cikin wani siro, abin da ya sa suka yi dokar 1938 wadda ta tilasta a nuna magani ba ya cutarwa kafin a sayar. A Jos a 1990 yara 47 suka rasu a asibiti ɗaya bayan shan siron paracetamol da aka haɗa da shi a madadin propylene glycol. A Panama a 2006 ba ma 'yan kasuwa ne suka haɗa siron ba, ɗakin haɗa magani na hukumar gwamnati ne, ma'aikatansa sun bi ƙa'ida sun zuba abin da aka rubuta gilisarin a jikin durom, ashe guba ce. Waɗannan mutane suna da sikeli, suna da rajista, ba su yi sauri ba. Abin da ya kuɓuce musu shi ne gwajin kayan haɗin, kuma wannan gwaji ba ni da na'urarsa a Ngaundere. Ɗakin gwaji na ƙasa, LANACOME, yana Yawunde.

Tsohon Mai Haɗa Magani, Garwa

Hajiya, ban ƙi maganarki ba, amma a yi adalci. Siron da ya kashe yara kusan 70 a Gambiya a 2022 daga masana'anta ya fito da kwalinsa. Siron tari mai suna Naturcold da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kansa a nan Kamaru a watan Yulin 2023, bayan rasuwar yara a yankin Arewa maso Yamma, shi ma a kwalba mai tambari ya zo, kuma an sami wannan guba a cikinsa har kashi 28.6 cikin 100, alhali iyakar da aka yarda da ita 0.10 ce. Kwali bai tserar da kowa ba. Kuma ƙullin da na yi magana a kai babu gilisarin a cikinsa, ƙwaya ce wadda kika riga kika yarda da ita kina sayarwa, da lactose.

Alhaji Mai Shago, Kuseri

Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, saboda haka ku yi mini uzuri. Kuna magana kamar haɗa magani ya mutu, alhali a kasuwarmu da ta Njamena kullum ana yin sa. Mutum ya je wurin mai tebur ya ce jikinsa na ciwo, nan take a ɓallo masa ja da fara da kafso a ƙulla a leda, gwargwadon kuɗin da ke aljihunsa. Mata suna zuwa a haɗa musu mai. Mai maganin gargajiya ma yana duban mutum ya haɗa masa sassaƙe da saiwa daidai da larurarsa. Talaka ya saba da wanda zai saurare shi ya haɗa masa nasa, shi ya sa yake guje wa farmasi, inda za a miƙo masa kwali a faɗa masa kuɗin da ba shi da su. Shin ba gurbin da kuka bari ne waɗannan suka cike ba?

Likitan Yara, Njamena

Alhaji, ka taɓo gaskiya ta gefe ɗaya, domin bukatar tana nan, kuma inda mai ilimi ya janye hannu wani zai miƙo nasa. Sai dai abin da mai tebur ke yi da abin da Baba ya bayyana ba su haɗa hanya ba. Mai tebur shi ne mai duba cuta, shi ne mai rubutawa, shi ne mai sayarwa, kuma ribarsa tana ƙaruwa da yawan ƙwayoyin da ya jefa a leda. Abin da ke cikin ledar yawanci diclofenac ne da ibuprofen a tare, waɗanda aikinsu ɗaya ne kuma illarsu ga ciki da ƙoda ninkuwa take yi, sai dexamethasone mai sa mutum ya ji daɗin jikinsa na ɗan lokaci yana kumbura shi yana tayar masa da suga, sai kafso ɗaya ko biyu na maganin ƙwayoyin cuta waɗanda ba su isa kashe komai ba sai dai su koya wa cutar jure magani, wani lokaci kuma har da tramol. Da an ɓalle ƙwaya daga fakitinta babu wanda zai sake sanin sunanta ko wa'adinta. Man da ake haɗa wa mata kuwa clobetasol ne da hydroquinone ake kwaɓawa a cikin man shafawa, kuma a Kamaru ma'aikatar lafiya ta hana sayar da kayan bilicin irin waɗannan tun 2022.

Zan koma ga tambayar farko, domin ina ganin Baba da Hajiya kowa ya riƙe rabin amsar. Ga cututtukan da suka fi kashe mana yara, mafita ba ta cikin turmi. Tun 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya take matsa wa masana'antu su yi magani daidai jikin yaro, kuma abin da ya fi dacewa da ƙasarmu shi ne ƙwaya mai narkewa a ɗan ruwa ko a nonon uwa: amoxicillin ta miligiram 250 saboda ciwon haƙarƙari, zinc na miligiram 20 saboda gudawa, maganin zazzaɓin cizon sauro na yara, da wanda ake rabawa gida-gida da damina domin rigakafi. Waɗannan ba sa son firji, ba su da nauyin ɗauka, kuma awonsu daga masana'anta yake. Duk farmasin da ya ce zai haɗa siron paracetamol ko na amoxicillin da hannunsa a yau, ni ne farkon wanda zai hana marasa lafiyata zuwa wurinsa.

Amma akwai yaran da kasuwa ba ta san da su ba, domin ba su da yawan da zai sa wani kamfani ya ɗauko musu kaya har bakin kogin Shari. Yaro mai ciwon zuciya da ke bukatar furosemide da spironolactone da captopril, jariri mai farfaɗiya, bakwaini da ke bukatar caffeine domin kada numfashinsa ya riƙa tsayawa, yaro mai sikila. Digoxin ya fi ba ni tsoro, saboda tsakanin awon da ke gyara zuciya da awon da ke tsayar da ita tazarar kaɗan ce ƙwarai, ƙwayar kuma ta miligiram 0.25 ce, ta manya. Su waɗannan yara ana haɗa musu magani a yau ɗin nan, ko mun so ko mun ƙi. Abin da ya canja shi ne mai haɗawar, wadda yanzu uwa ce da cokali a tsakar gida, ba ta san ma cewa akwai ƙwayoyin da ba a murƙushe su sam ba, irin masu sakin magani a hankali da masu rufin da ke kare su daga ruwan ciki.

Ɗalibin Farmasi, Duwala

Ina gaida iyayena. Ni ɗan Kuseri ne, karatu ya kawo ni kudu. Abin da Dokta ya faɗa game da raba mai rubutawa da mai haɗawa shi ne asalin sana'ar. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa aka sami shagunan masu haɗa magani a matsayin sana'a mai zaman kanta, kuma a biranen Musulmi muhtasibi yana zagayawa yana duba ma'auninsu da ingancin kayansu. A wajajen 1240 Sarki Frederick II ya raba aikin likita da na mai haɗa magani a masarautarsa ta Sisili, a Faransa kuma a 1777 aka raba masu haɗa magani da masu sayar da kayan yaji. Kwinin da ya daɗe yana ceton mutane daga zazzaɓi, masu farmasi biyu ne a Paris, Pelletier da Caventou, suka tace shi daga ɓawon itace a 1820. Ke nan tun farko ba a taɓa sakin mai haɗawa shi kaɗai da turminsa ba, kullum akwai mai dubawa a bayansa.

Har yanzu ana koyar da mu darasin haɗa magani, muna lissafin awo, muna yin man shafawa da siro da kafso a ɗakin gwaji. Damuwar ita ce da yawanmu idan muka je koyon aiki a farmasin gari ba ma ganin turmi, sai kwamfuta da kanta. Duk da haka a 2020, lokacin korona, da ruwan tsabtace hannu ya yi wuya, farmasoshi da asibitoci da jami'o'i sun koma haɗawa da kansu bisa tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya: a lita 10 ana zuba mililita 8333 na alkol mai ƙarfin 96, da 417 na hydrogen peroxide mai ƙarfin 3, da 145 na gilisarin, a cika da tataccen ruwa, a ajiye kwalaben awa 72 kafin a fara amfani. Haka kuma duk lokacin da kwalara ta ɓarke a Arewa Mai Nisa ko a bakin tafkin Cadi, a wurin ake tsarma kulorin, 0.05 cikin 100 na wanke hannu, 0.2 na ƙasa da gadaje, 2 na bahaya da amai. Hannun bai mutu ba, sai wuya ta yi wuya ake tuna shi.

Farmasiya, Ngaundere

Ƙanena, ka lura cewa misalanka biyu duk na wanke hannu da ƙasa ne, babu wanda ake ɗura wa jariri. Kuskuren kashi kaɗan a ruwan wanke hannu ba ya kai kowa kabari. Akwai kuma abin da littattafanku ba su cika faɗa ba, domin a ƙasashen sanyi aka rubuta su. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce maganin sha da aka haɗa da ruwa, in babu sinadarin hana lalacewa, kada ya wuce kwana 14, kuma a cikin firji. Uwar da ta zo daga ƙauyen Mora ko Yagwa ina ta ga firji? Mu da muke da shi a gari, wuta tana ɗaukewa rabin yini. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa da Kuseri da Njamena yana haura digiri 40, alhali yawancin magunguna an gwada daɗewarsu ne a 25 ko 30. Captopril da Dokta ya ambata ba ya daɗewa a ruwa ko da a sanyi ne. Idan na manna wa kwalba takarda na ce ta yi wata ɗaya, da wace hujja na faɗa?

Tsohon Mai Haɗa Magani, Garwa

Shi ya sa tun farko na ce ƙulli, ban ce siro ba. Zafin nan ba yau ya fara ba, mun yi aiki a cikinsa, kuma ya koya mana cewa a ƙasarmu busasshen abu shi ne abokin tafiya. Maganin matsi da ake yi da man ƙwayar koko, irin ta cakulan, yana narkewa a wajen digiri 34, saboda haka da bazara tun a kan kanta yake zama ruwa, mun san ba namu ba ne. Gari a ƙulli ko a kafso, a saka cikin kwalba mai murfi, a ajiye a inuwa, shi ne ya dace da mu. Abin da ke ba ni takaici kuma shi ne batun kayan haɗi. Cadi tana cikin manyan ƙasashen da ke fitar da ƙaro a duniya, bayan Sudan, kuma ƙaron nan shi ne ake sa wa a magani domin ya riƙe gari kada ya kwanta a ƙasan kwalba. Ana ɗaukarsa daga nan a kai Faransa a tace, sannan mu ce ba mu da kayan haɗi. Man kaɗe ma yana iya zama gindin man shafawa in an tace shi.

Farmasiya, Ngaundere

Baba, ƙaron kasuwa da ƙasarsa da ɓawonsa da ƙwayoyin cutarsa yake zuwa, tacewar nan da gwajin nan su ne dukan aikin, kuma su ne ba mu da su. Amma a kan busasshen gari na yarda da kai. Inda nake tsayawa shi ne kada a ce kowace farmasi ta buɗe ɗakin bayanta. Wanda ke haɗa abu sau ɗaya a wata hannunsa ba zai faɗa ba, sikelinsa kuma babu mai zuwa ya gwada shi. Abin da hankali zai ɗauka shi ne ɗaki ɗaya mai kyau a babban asibitin yanki, a Garwa ko Marwa ko Ngaundere, haka ma a Njamena, da farmasi mai kula da shi, da ɗan gajeren jerin magunguna da aka san yadda ake haɗa su da tsawon kwanakin da suke yi, a riƙa aika samfuri ana gwadawa. Allura da maganin ɗigon ido kada ma a kusance su in babu ɗakin da aka tsabtace iskarsa. A Amurka a 2012 wata cibiyar haɗa magani a jihar Massachusetts ta yi allurar da naman gwari ya gurɓata, mutum fiye da 750 suka kamu, fiye da 60 suka mutu, sai da majalisarsu ta yi sabuwar doka a 2013.

Misalin da ya fi kama da halinmu yana Yuganda. Dokta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa, cibiyar kula da masu cutar ajali, a can a 1993, kuma suka fara haɗa morphine na sha, maganin kashe tsananin ciwo, daga gari, da ruwa, da sinadarin hana lalacewa, da launin abinci, kore ga mai sauƙin ƙarfi, ja ga mai ƙarfi, domin ko wanda bai iya karatu ba ya bambanta su. Ya fi ƙwayar da ake shigowa da ita araha nesa ba kusa ba, daga baya kuma gwamnati ta shigo ciki ana haɗawa a wuri ɗaya ana rarraba wa ƙasa. Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon daji a ƙarshen rayuwarsa a yankinmu ya san abin da rashin wannan ruwa yake nufi. Ya yi nasara ne domin abu ɗaya suka ɗauka, tsarin haɗinsa ɗaya, masu haɗawar ƙwararru ne, kuma akwai rajistar da ke bin kowace kwalba.

Baban Yaro Mai Sikila, Gidar

Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ɗana nauyinsa kilo 12 ne, likita ya ce ya dace a fara masa hydroxyurea, amma abin da muke samu kafso ne na miligiram 500. Wani ya ce mini in buɗe kafson in raba garin biyu da ido in zuba a kunu. Ban yi ba, ina tsoro. Dokta, Hajiya, mene ne shawararku?

Likitan Yara, Njamena

Malam, ka yi daidai da ba ka yi ba. Ana farawa da miligiram 15 zuwa 20 ga kowane kilo a rana, wato ɗanka yana bukatar tsakanin 180 da 240, ƙasa da rabin kafson. Maganin yana da amfani ƙwarai, babban binciken da aka yi a kan yara a Angola da Kwango da Kenya da Yuganda, wanda aka buga a farkon 2019, ya nuna yana rage tashin ciwo da ƙarin jini da mutuwa. Amma yana rage ƙwayoyin jini idan ya yi yawa, saboda haka ba a shan sa sai tare da gwajin jini a kai a kai. Garinsa kuma ba abin taɓawa da hannu ba ne ko shaƙa, mace mai ciki ba ta kusantar sa, kuma bai kamata a buɗe shi a inda ake girki ba. Ka koma wa likitan da ya rubuta ka faɗa masa ƙarfin da ka samu, domin akwai yadda ake tsara kwanakin sha da cikakken kafso, amma shi ne zai tsara bisa sakamakon jinin yaron, ba ni daga nesa ba.

Farmasiya, Ngaundere

Malam, kada ka buɗe shi a gida. Ka tambayi farmasin babban asibiti ko za su iya yi maka odar ƙaramin ƙarfi, domin akwai ƙwaya ta miligiram 100 da ake yi saboda yara, ko da yake tana da tsada kuma ba kullum ake samunta ba. Hydroxyurea yana cikin magungunan da zan sa a sahun farko idan aka buɗe irin ɗakin da na ambata, domin yana narkewa a ruwa sosai, ana iya yin ruwansa mai miligiram 100 a kowace mililita a auna da sirinji, kuma masu bukatarsa a yankinmu suna da yawan da hannun mai haɗawa zai saba. Sharaɗinsa safar hannu, da takunkumi, da wurin da ba a haɗa wani abu a cikinsa. Dokta da Malama, ku rubuto mini magungunan da kuka fi rasa awon yara a cikinsu, da ƙarfin da kuke so. Baba kuma ina so ka duba mini waɗanda za su yiwu a ƙulli, domin in san abin da zan kai gaban 'yan uwana masu farmasi na yankin.

Malamar Jinya, Marwa

Daga ɓangarenmu furosemide ne, da spironolactone, da captopril, da digoxin, da phenobarbital na farfaɗiya. Zan tambayi masu kula da bakwaini su ƙara nasu. Ina roƙon duk abin da za a haɗa a rubuta awonsa a jiki da manyan lambobi, a kuma yi wa uwa bayani da Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Shuwa kafin ta bar asibiti, domin yawancinsu ba sa karanta Faransanci.

Tsohon Mai Haɗa Magani, Garwa

Furosemide da spironolactone da phenobarbital za su yiwu a ƙulli ko a kafso ba tare da wata wahala ba, sai dai furosemide a kare shi daga haske. Captopril zai yiwu idan an kiyaye shi daga laima, kuma kada a haɗa na dogon lokaci, musamman da damina. Digoxin kuwa, Hajiya, ki cire shi daga jerin. Awon jariri a cikinsa bai kai miligiram ɗaya ba, da mikrogiram ake lissafa shi, kuma ko a zamaninmu ba na yarda in raba shi sai babu makawa. Akwai ruwansa na yara da masana'anta ke yi da ma'auninsa a ciki, shi za a matsa a riƙa kawowa.